Rula Ba Ta Tunani: Batun Koyar da Alaƙa Mai Amsa Ɗaya a Makarantun Ƙasar Zuru

Akwai wata tambaya da ɗalibin lissafi kan yi karo da ita sau biyu a tsawon karatunsa. Karo na farko a babbar sakandare ne, idan ya ɗauki darasin zurfafan lissafi; na biyu kuma a shekararsa ta farko a jami'a, inda mai karatun kimiyya ba shi da hanyar kauce mata. Za a jera masa tagwayen lambobi, ko a zana masa lanƙwasasshen layi a kan allo, ko a rubuta masa wata jumla ta aljabara, sannan a ce ya faɗi ko wannan alaƙa "fankshan" ce ko kuwa ba ita ba ce. Maganin da aka fi ba shi guda ɗaya ne: ya ɗauki rula, ya tsayar da ita a kan zanen, ya ja ta daga hagu zuwa dama, in akwai wurin da ta taɓa layin sau biyu, to ba "fankshan" ba ce. Ɗalibi ya haddace, ya ci makinsa, ya wuce. In aka tare shi bayan mako biyu aka tambaye shi dalilin da ya sa taɓawa sau biyu ta zama laifi, da wuya ya buɗe baki.

Wannan hali ba a ƙasar Zuru kaɗai yake ba, ya game makarantun ƙasar nan. Sai dai Zuru tana da dalili na musamman na damuwa da shi. Tun shekarar 2020, lokacin da aka ɗaukaka Kwalejin Aikin Gona ta garin zuwa Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya, yaran Dabai da Mahuta da Ribah da Dirin Daji sun sami jami'ar kimiyya a ƙofar gida. Kimiyyar noma kuwa, tun daga auna taki har zuwa hasashen farashi, a kan wannan tambaya take tsaye: shin wannan abu shi kaɗai ya isa ya yanke wancan? Wanda ya shiga irin wannan jami'a da rula kawai a hannu, ba tare da ma'ana a ka ba, ya shiga gona ne da ƙotar fartanya ba ruwanta. Abin da ya kamata shi ne a koyar da ma'anar tukuna, cikin harshen da yaro ke tunani da shi, da misalan da ya sani, a bar rula ta zo daga ƙarshe. Kuma lallai ne a daina fassara kalmar da "aiki".

Ma'anar kanta ba ta da wuya. A ɗauki rukuni biyu na abubuwa, da wata ƙa'ida da ke haɗa na wannan da na wancan: wannan ita ce alaƙa. A ɗauki yaran wata unguwa a gefe ɗaya, matan unguwar a ɗaya gefen, ƙa'idar kuma ita ce "wace ce ta haife shi?" Duk yaron da aka nuna, akwai amsa, kuma amsar ɗaya ce tak. Babu yaron da ba mahaifiya, babu mai mahaifiya biyu. Wannan ita ce alaƙar da masana lissafi suka keɓe da suna na musamman. To, a juya tambayar, a nuna mace a ce "wane ne ɗanta?" Wata za ta ce biyar gare ta, wata kuma ba ta haihu ba tukuna. Mutanen dai su ne, dangantakar ita ce, amma da aka juya akalar tambayar sai sharuɗɗa biyu suka rushe lokaci guda: wata tambayar ta sami amsa fiye da ɗaya, wata ta rasa amsa gaba ɗaya. Iyakar abin ke nan. Kowane abin tambaya ya sami amsa, kuma kada amsar ta wuce ɗaya. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta gane wannan kafin a rufe baki.

Kuskuren da ya fi yawa a takardun ɗalibai shi ne zaton cewa maimaituwar amsa laifi ne. In suka ga (1, 4), (2, 4), (3, 7), sai su ce alaƙar ta ɓaci, domin huɗu ta fito sau biyu. Da an fara da taswirar masarautar Zuru da wannan kuskure bai sami wurin zama ba. Dabai tana ƙaramar hukumar Zuru, Rikoto ma haka. Ribah da Wasagu duk suna Danko/Wasagu. Mahuta tana Fakai, Dirin Daji tana Sakaba. Garuruwa biyu sun yi tarayya a amsa ɗaya, kuma babu wanda ya ga aibi a ciki, domin kowane gari dai ƙaramar hukuma ɗaya yake da ita. Da za a ce Mahuta tana Fakai kuma tana Sakaba a lokaci guda, nan ne rigima za ta tashi, kuma duk wanda ya taɓa zuwa karɓar takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma ya san irin rigimar.

Ƙasar da ta yi suna da aikin soja tana da wani misalin a hannu. Marigayi Sarkin Zuru Muhammadu Sani Sami ya bar soja yana Manjo Janar. Haka Tanko Ayuba, haka Musa Bamaiyi. Ishaya Bamaiyi kuwa, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, ya kai Laftanar Janar. Tambayar "da wane muƙami ya yi ritaya?" amsa ɗaya take bayarwa ga kowane hafsa, ko da uku sun haɗu a muƙami guda. Tambayar "wane ne Manjo Janar na ƙasar Zuru?" kuwa ba ta da amsa ɗaya. Lambar soja ta fi muƙami tsanani: kowane soja lamba ɗaya, kowace lamba soja ɗaya, ta kowace fuska aka tambaya amsa ɗaya ake samu. Wannan wani mataki ne na gaba a darasin, wanda ɗalibai ke rikita shi da na farko; ɗan barikin soja kuwa ya san bambancin tun yana goye.

Idan an shimfiɗa wannan, sai a shigo da lambobi, kuma za su shigo ne a matsayin baƙin da aka riga aka san danginsu. A jumlar y = x², duk lambar da aka sa a gurbin x amsa ɗaya take haifarwa: 3 ta ba da 9, −3 ma ta ba da 9. Dabai da Rikoto ke nan. A jumlar y² = x kuwa, in aka ce x ita ce 9, sai y ta iya zama 3, ta kuma iya zama −3; uwa ce aka tambaya ɗanta. In aka ce x ita ce −9, babu amsa ko ɗaya a cikin lambobin da ɗan sakandare ya sani. Da'irar x² + y² = 25 haka take: x ta zama 3, y ta rabu biyu, 4 da −4. Ita kuwa y = 1/x lafiyarta lau a ko'ina sai a kan sifili, inda tambayar ke rasa amsa; saboda haka dole a faɗa tun farko cewa an cire sifili daga rukunin tambaya. A nan ne ma ɗalibi zai fahimci abin da ya sa alamar √9 take nufin 3 kawai, ban da −3. Yarjejeniya ce masana suka yi da gangan, suka yar da amsa ɗaya don alamar ta zama mai amsa guda. Ba don haka ba, da kalkuleta ba ta san abin da za ta nuna ba idan aka danna maɓallin.

Ba a ce dabarar rula ƙarya ce ba. Gaskiya ce, kuma tana da sauri. Layin tsaye yana tattara dukkan ɗigogin da suka yi tarayya a x guda. In ya taɓa zanen sau biyu, ma'anarsa x ɗaya ta sami y biyu. Wato dai rula tana maimaita ma'anar ne da hannu. Matsalar ita ce wanda ya san rula bai san ma'ana ba zai tsaya cak a duk inda babu zane, kuma mafi yawan alaƙoƙin duniya ba su zuwa da zane. Jerin sunayen ma'aikata da albashinsu ba zane ba ne. Rajistar manoma da buhunan takin da aka ba kowa ba zane ba ce. Ko a inda akwai zanen ma, rula kan yaudari mai ita. Tun littafin Alfred Marshall na 1890, masana tattalin arziki suka saba ɗora farashi a kan layin tsaye, yawan kaya a kan layin kwance, alhali kuwa a bayaninsu na yau da kullum farashi ne abin tambaya, yawan kayan da za a saya shi ne amsa. Ɗalibin tattalin arzikin noma da ya haddace cewa abin tambaya kullum a kwance yake zai karanta zanen a juye, ba tare da ya san ya juya shi ba. Masana lissafi su kansu sun daɗe da raba ma'anar da zane. A 1829 Bajamushen nan Dirichlet ya kawo misalin wata alaƙa da ke ba da amsa kaza ga duk lambar da za a iya rubutawa a matsayin rabon cikakkun lambobi biyu, da wata amsa dabam ga duk wadda ba za a iya ba. Babu alƙalamin da zai iya zana ta, amma kowace lamba amsa ɗaya take samu, saboda haka ta cika sharaɗi.

Akwai kuma wani abu da rula ba za ta taɓa koyarwa ba, wato yadda ake gyara alaƙar da ta ba da amsa biyu. A tambayi dattijo: "A wace jiha Zuru take?" Zai iya cewa: a yaushe? A 1970 tana Jihar Arewa maso Yamma. A 1980 tana Jihar Sakkwato. Daga 27 ga Agustan 1991 tana Jihar Kebbi. Gari ɗaya, amsa uku. Amma da zarar an haɗa sunan gari da shekara a matsayin abin tambaya, sai amsa ta koma ɗaya. Ashe amsoshi da yawa alama ce ta cewa tambayar ba ta cika ba, akwai abin da aka bari a waje. Malaman rabon gado sun daɗe da sanin haka. "Nawa ne rabon miji?" Rabi ne idan matar ba ta bar ɗa ba, rubu'i idan ta bari. "Nawa ne rabon mata?" Rubu'i ko sumuni, bisa wannan sharaɗi dai. Malamin da ya ba da amsa kafin ya tambayi su wa mamaci ya bari, ba malami ba ne. Ba mamaki kuwa a sami misalin a nan, domin littafin al-Khwarizmi, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, wanda daga sunansa aka sami kalmar aljabara, kaso mai yawa na cikinsa lissafin gado da wasiyya ne.

A gona ne wannan darasi yake da tsada. A ɗauka manoma uku a ƙauye ɗaya kowa ya zuba buhu biyu na taki a kadada ɗaya ta dawa. Na farko ya sami buhu goma sha biyu, na biyu goma sha biyar, na uku tara. A jera su: (2, 12), (2, 15), (2, 9). Ɗan sakandare mai rula zai ce ba "fankshan" ba ce, ya ajiye biro, ya ga ya gama. Manomi kuwa a nan tunaninsa ke farawa. Wancan gonarsa jigawa ce, wannan tasa tana kusa da fadama. Wancan ya yi shuka da ruwan farko, wannan ya makara. Wancan wuta-wuta ta kama masa dawa. Ɗaya ya zuba takin bayan noman farko, ɗaya ya bari sai da dawa ta kusa ɗaukar ciki. Abin da manomin yake yi shi ne abin da dattijon nan ya yi da ya ce "a yaushe?": yana ƙara wa tambayar abubuwan da aka bari a waje, har amsa ta matso kusa da zama ɗaya. Duk gonar gwaji da ake rabawa fili-fili a jami'a, da duk lissafin ƙididdiga da ake koya wa ɗaliban noma, ƙoƙari ne na yin wannan aiki bisa tsari. Ɗalibin da aka koya wa cewa "ba fankshan ba ce" ƙarshen magana ne, an toshe masa ƙofar da ya zo jami'a don ya shiga. Mafi muni ma, shi ne zai fito a matsayin malamin gona ya riƙa gaya wa manoma cewa buhu kaza na taki yana ba da buhu kaza na hatsi, kamar yana karanta jadawalin sau. In damina ta ƙaryata shi, manoma su daina sauraren malaman gona baki ɗaya, kuma ba za a ga laifinsu ba.

Haka lamarin yake a kasuwa. "Nawa ne mudun dawa yau?" tambaya ce da ke da amsa a bakin kowane mai awo, kuma ba lallai amsoshin su zo ɗaya ba, domin mudu ya bambanta da mudu, safiya ta bambanta da yamma, sabuwar dawa ta bambanta da tsohuwa. Wanda ke tattara farashi don bincike dole ya yanke ƙa'idar da za ta mai da wannan tarin amsoshi amsa guda, ko ta matsakaici ko ta wata hanya, ya kuma faɗi ƙa'idar da ya bi.

Wani fagen da matasa ke ɗanɗana kuɗar wannan darasi ba tare da sun san sunansa ba shi ne fagen rajista. Mutum da sunansa ba alaƙa ce mai amsa ɗaya ba, musamman a ƙasar da yaro kan tashi da sunan gida, da sunan addini, da laƙabin da kakarsa ta sa masa, da kuma rubutun da hedimasta ya ga dama ya yi a rajistar firamare. Al'ummar ma kanta suna biyu gare ta: Hausawa na cewa Dakarkari, su kuwa suna kiran kansu Lelna. Kwamfuta ba ta da haƙurin kaka. Shi ya sa aka ƙirƙiro lambar BVN a 2014, da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, kowace mai alƙaluma 11. Mutum na iya buɗe asusu biyar a bankuna dabam-dabam, amma kowane asusu BVN ɗaya yake komawa. Yana iya riƙe layukan waya da yawa, amma tun umarnin Disambar 2020 kowane layi NIN ɗaya ake ɗaura masa. Tun 2021 kuma hukumar JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da NIN. Yaron da ke yawo tsakanin kotu da shagon intanet yana neman daidaita sunan da ke takardar sakandarensa da wanda ke katinsa, yana biyan kuɗin alaƙar da ta ba da amsa biyu ne. Da malaminsa na lissafi ya taɓa haɗa masa wannan da abin da ke kan allo, da darasin ya zauna masa har abada.

Sai batun suna, wanda shi ne ya fi shafar masu nazarin Hausa. A rubuce-rubucen da ke yawo a intanet, musamman waɗanda inji ya fassara, da kuma a bakin wasu malamai idan suka juya harshe don taimakon ɗalibai, "aiki" ake cewa. "Shin wannan dangantaka aiki ce?" Bahaushe ya ji wannan jumla ba zai tsinci komai ba. Fassarar ta kamo asalin kalmar ne ta saki ma'anarta. Leibniz ne ya fara amfani da kalmar Latin mai nufin gudanar da aiki, a wani rubutunsa na 1673, yana nufin rawar da wani layi ke takawa a jikin zane. Euler ya kawo alamar f(x) a 1734. Kafin ƙarni na 19 ya yi nisa ma'anar ta riga ta yi ƙaura, ta bar batun aiki, ta koma batun amsa guda ga kowace tambaya. Mai cewa "aiki" a yau yana fassara abin da aka daina nufi tun shekaru kusan ɗari biyu. Abin dariya ma shi ne ƙamus ɗin da ya dogara da shi ba alaƙa ce mai amsa ɗaya ba: kalmar Ingilishin nan guda tana iya nufin aiki, ko amfani, ko taron biki, ko wannan ma'ana ta lissafi, shi kuwa ya cafki ta farko ya tafi.

Wasu al'ummu ba su yi haka ba. Sinawa sun ƙirƙiri tasu kalmar a 1859, lokacin da Li Shanlan da Alexander Wylie suke fassara littattafan lissafi. Larabawa suna cewa "dalla", daga tushen da ya ba Hausa kalmar dalili, wato abin da ke nuni zuwa ga wani abu. Kalma ce mai kyau, sai dai malamin da ya tsaya gaban 'yan aji ɗaya na babbar sakandare ya ce "dalla" zai sha dariya, domin a bakin matasa tana da wani aikin dabam. Mafita mafi sauƙi ita ce a kira abin da siffarsa: alaƙa mai amsa ɗaya. Sunan yana da tsawo, gaskiya ne. Amma yana ɗauke da ma'anarsa a goshi, har tambayar jarrabawa takan kusa amsa kanta: "Shin wannan alaƙa mai amsa ɗaya ce?" Sai a ce rukunin tambaya da rukunin amsa ga ɓangarorin biyu. In amfani ya yi yawa, baki zai taƙaita sunan da kansa, kamar yadda ya saba.

Malamin Hausa ma yana da misali a aljihunsa wanda malamin lissafi zai yi murna da shi. Ƙa'idar rubutun boko ba ta nuna karin sauti, ba ta nuna tsawon wasali. Saboda haka "gari" a rubuce na iya zama wurin zaman mutane, na iya zama abin tuƙa tuwo. "Fari" na iya zama launi, ko ƙarancin ruwan sama, ko mafarin abu. Daga furuci zuwa rubutu amsa ɗaya ce, daga rubutu zuwa furuci amsa ta rabu. Mai karatu kuwa yana gyara alaƙar ne ta hanyar duba sauran jumlar, wato yana ƙara wa tambayar abin da ya rage mata. Ɗaliban Hausa da ke ganin lissafi dodo ne suna yin wannan lissafi a kowane layi da suka karanta.

Za a iya cewa: me ya kawo Hausa cikin maganar Zuru? Tambaya ce mai nauyi, bai kamata a share ta ba. Zuru ba ƙasar Hausa ba ce ta asali. C'lela ne harshen mafi yawan gidaje, ga Fakkanci da Dukanci da Kambarci da wasunsu, kuma masu kishin waɗannan harsuna suna da hujjar kallon Hausa a matsayin kuran da ke cinye musu 'ya'ya. Ba a nemi a ɗora Hausa a kan kowa ba. Abin nema shi ne ma'ana ta fara shiga ta ƙofar da take buɗe. A ajin ƙauye inda yara duka C'lela suke ji, kuma malami yana ji, to misalin uwa da ɗa da C'lela ya kamata a ba da shi, kuma masana harshen su ne za su nemo sunan da ya dace. Samarin da suka san golmo, inda ƙungiya guda ke zagaya gonakin surukai, ba sa bukatar a yi musu dogon bayani kan bambancin "gonar surukin wane ce wannan?" da "su wa suka yi noma a cikinta?" A ajin cikin gari kuwa, inda ɗan Lelna da ɗan Fakai da Bafulatani da ɗan ma'aikacin da aka turo daga kudu suke zaune a benci ɗaya, Hausa ce harshen da suka yi tarayya a kai tun daga filin ƙwallo. Ƙin amfani da ita ba zai ƙara wa C'lela komai ba, zai bar yaran ne da rula kawai.

Za a kuma ce jarrabawa da Ingilishi ake yi, manufar gwamnati ma ta juya. Haka ne. Manufar ilimi ta 1977 ta amince da harshen uwa ko harshen yanki a farkon firamare. A Nuwambar 2022 gwamnatin tarayya ta faɗaɗa shi zuwa shekara shida. A Nuwambar 2025 kuma Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da soke wannan tsari, aka mayar da Ingilishi harshen koyarwa tun daga tushe. Ana iya jayayya da wannan mataki, kuma masu jayayya suna da gwajin Ife a hannunsu, wanda Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, inda yaran da aka koyar da Yarabanci tsawon firamare ba su gaza takwarorinsu ba ko a Ingilishin kansa. Amma batun da ake yi a nan bai jira sakamakon wannan jayayya ba. Babu manufar da ta hana malami ya ɓata minti goma yana tambayar yara wace ce mahaifiyar wane, a wace ƙaramar hukuma Ribah take, kafin ya rubuta kalmar Ingilishi a allo. Malamai da yawa suna juya harshe a aji ko an yarda ko ba a yarda ba. Abin da suka rasa shi ne kalmomin da aka tace, shi ya sa suke faɗawa kan "aiki".

Wannan gurbi kuwa na jami'o'i ne. An yi irin aikin a baya: Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda ya fito a 1990, ya daidaita kalmomin nazarin harshe da adabi, kuma ya rayu domin malaman Hausa sun yi ta amfani da shi a aji har kalmomin suka zama na kowa. Jerin kalmomin kimiyya da lissafi na firamare da aka tattara cikin harsunan Nijeriya a shekarun 1980 bai sami wannan gata ba, ga shi kuma bai kai matakin da ake koyar da aljabara ba. Darasin da ke cikin wannan a fili yake: kalmar da masanin harshe ya ƙirƙira shi kaɗai a ofis takan mutu a kan kanta, wadda malamin lissafi ya ƙirƙira shi kaɗai kuma takan fito da ƙafar Ingilishi. Sai an zaunar da su biyun tare, da malaman sakandare na Zuru da Mahuta da Ribah waɗanda za su gwada kalmomin a gaban yara su dawo da labarin wadda ta shiga da wadda ta ƙi. Sassan Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato da Jami'ar Bayero da ke Kano da Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suna da masana; jami'ar da ke Zuru tana da malaman lissafi da gonakin gwaji da ɗaliban da abin ya shafa kai tsaye. Babi guda ya isa a fara da shi, shafi goma ko goma sha biyu, Hausa a hannun dama, Ingilishi a hannun hagu, da gurbin da masu C'lela za su cika da nasu.

Kafin a kai ga haka, akwai abin da kowane malami zai iya canzawa a gwajin mako mai zuwa ba tare da neman izinin kowa ba. Maimakon ya tambayi "e ko a'a" kawai, ya ƙara layi biyu a ƙasa: in alaƙar ba mai amsa ɗaya ba ce, ɗalibi ya nuna abin tambayar da ya sami amsa biyu ko ya rasa amsa; sannan ya faɗi abin da za a ƙara ko a cire don ta gyaru. A da'irar x² + y² = 25, amsar da ake jira ita ce: 3 ta ba da 4 da −4, 6 kuma ba ta ba da komai ba; a tsaya tsakanin −5 da 5, a ɗauki rabin da'ira na sama. A jadawalin manoman nan uku, amsar ita ce: buhu biyu ya ba da 12 da 15 da 9, a tambayi irin ƙasar, da ranar shuka, da ranar da aka zuba takin.